Kalmar da Inna Ta Ƙi Amsawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dije, ungozomar garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda ɗiya take yi wa uwa a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya yalwata miki makwanci. Ni ce Mariyama, ɗiyarki ta fari, wadda kika bari aka kai lakwal, makarantar boko, a zamanin da mata suke ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu in sun ji motar masu ɗaukar yara. Daga Filinge nake rubuto miki.

Na san ba ki yi karatun boko ba, na kuma san wasu ne za su karanta takardar nan, ba ke ba. Ba komai. Dama ke ba ki saba yin magana a ɓoye ba. Ko faɗa za ki yi mini, a tsakar gida kike yi, maƙwabta suna ji ta kan darni.

Ina so mu koma kan wata kalma da muka taɓa yin gardama a kanta, ni da ke. Na tsufa yanzu, gwiwoyina suna ciwo kamar yadda naki suka yi, amma kalmar nan tana nan da ƙarfinta.

Bari in fara da tamu kalmar, kafin in zo kan ta baƙi.

Mu nan ƙasar Kurfai amsa muke cewa. Da na je makarantar horon malamai na zauna da ƴan gabas, dariya suka riƙa yi mini. Suka ce sallama ake amsawa, da tambaya, kaya kuwa karɓa ake yi. Ban yi musu da su ba, amma ban canza ba. A bakinmu kalma ɗaya ce take ɗauke da duka: a amsa sallama, a amshi baƙo, a amshi tuwo daga gidan maƙwabta, a amshi haihuwa.

Wannan na ƙarshen shi ne aikinki. Kina cikin daka sai mu ji sallamar namiji a ƙofar gida, ya tsaya yana kame-kame, kunya ta hana shi faɗin abin da ya kawo shi. Ba kya tambayarsa. Ki jingine taɓarya, ki wanke hannu, ki ɗauko ƴar jakar fatarki mai aska da zare, ki bi bayansa. Ni in ƙarasa dakan.

In mutane suka yabe ki, kikan ce: "Ni ba ni ba kowa ɗiya. Allah ka badawa, uwa ta sha wuya, ni amsa kaɗai nika yi."

Ranar suna kuma a aiko miki da rabonki na naman rago, da hatsi, da sabulu. Ban taɓa ganin kin ji nauyin amsa ba. Kikan tashi tsaye, ki sa hannu biyu, ki yi wa mai gidan addu'a da sunansa da na ubansa, har da kakansa in kin san shi.

Ranar da na amshi goro da hannu ɗaya daga wata tsohuwa, idona yana wani wuri, sai da kika murɗe mini kunne bayan ta tafi. Kika ce: "In anka ba ki abu, ki sa hannu biyu, ki dubi wanda ya ba ki, ki kira sunanai. Gobe ke za ki ba shi."

A haka na tashi. A sanina mai amsa mutum ne mai mutunci, domin yau ya amsa, gobe shi zai miƙa. Ban san akwai wata irin amsa ba sai shekarar da ruwa ya ɗauke, a zamanin soja.

Kin tuna shekarar fiye da ni. Baba Gado ya riga ya rasu. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Fulanin da suka saba sauka a gonarmu bayan girbi suka wuce kudu da ƴan shanun da suka rage musu, ba su ko kwana ba. Ƙanena Isuhu ya ga ba abin da zai tsaya tsaro, ya tafi Abijan neman abin da zai aiko. Ya bar miki matarsa Hawwa da ciki. Daga nan shiru, ba saƙo, ba labari.

Ni a lokacin sabuwar malama ce a lakwal ɗin Filinge. Abin da na samu nakan sayi hatsi in aiko. Amma hatsin kasuwa ya zama kamar magani, ke kuma duk abin da ya shigo gida sai kin ɗibar wa gidan makaho da gidan marayun bayanmu. Abin da zai kai ku mako, kafin a je ko'ina ya ƙare.

Sai manyan motocin soja suka fara isowa daga Yamai da taimako: jar dawa ta ƙasashen waje, da garin madara, da mai. Aka ce za a riƙa rabo a filin gaban ofishin suparfe, mai mulkin yankinmu. Aka kira mu malaman lakwal mu yi tafinta, tunda yawancin masu rabon ba su jin Hausa sosai.

A nan na fara jin kalmar a bakin mutum. Na taɓa ganinta a littafi, amma ban taɓa buƙatarta ba. Wani saje ya ɗaga murya ya ce benefisiyer su koma hagu su yi layi, sa'annan ya dube ni in juya. Na ce: masu amsa su koma hagu.

Mutane suka koma hagu, amma ba tawa kalmar suka riƙe ba. Ta sajen suka riƙe, suka lanƙwasa ta yadda bakinsu zai iya. Kafin a yi nisa ko'ina ka bi sai ka ji ana cewa banahisiya. Wane ya zama banahisiya, wance ba ta samu zama banahisiya ba.

Dokar rabon ita ce mai gida ya zo da kansa. Gidanmu ba namiji, ke ce mai gida. Don haka na hau motar kasuwa na zo in gaya miki.

Na same ki a gindin rumbu kina tsiyaye ruwan anza, ƴaƴan itacen dajin nan da ake ci lokacin yunwa, kina sake mata wani don ɗacin ya fita. Tun ina yarinya ban ga ana cin anza a gidanmu ba. Hawwa tana zaune ta jingina da bango, cikinta ya yi gaba, wuyanta ya zama siriri.

Na yi miki bayani. Ba ki ɗago ba har na gama. Sai kika ce: "Wagga kalma da nika ji bakin mutane, mi aka nuhi da ita?"

Na ji daɗin tambayar, don a ganina wurin da na iya aka zo. Na ce kalmar Faransanci ce, daga benefis ta fito, wadda ƴan kasuwa suka sani, wato riba. Benefisiyer shi ne wanda ribar abu ta faɗa wa. Na ƙara da abin da daraktan lakwal ɗinmu ya gaya mini, cewa can asali, a wani tsohon harshen Turawa, tushenta kalmomi biyu ne masu nufin yin alheri. Ke nan wanda aka yi wa alheri.

Kika ajiye ƙwaryar. Kika ce: "Riba. Gonarmu ta ƙone, ɗana ya shiga duniya, shanun Hilani sun mutu bakin rijiya. Wace riba munka ci?"

Na ce ki bar batun riba, ki riƙe na alheri.

Kika ce: "To wa am mai alherin? Mi as sunanai? Ɗan wa ne?"

Na ce gwamnati ce ta roƙo, wasu ƙasashe suka aiko. Kika girgiza kai. Kika ce ba kya zuwa ki tsaya a rana a kira ki mai cin riba, ki amshi abin da ba ki san ranar da za ki rama ba.

Na yi ta magana. Na nuna miki Hawwa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, kamar yadda suruka take yi in uwar miji tana magana. Ko da tana da abin faɗi, ba ta da bakin faɗinsa a gabanki.

Ina so masu karanta takardar nan su yi miki adalci, Inna. Ba girman kai ne kaɗai ba. Kin yi imani saƙon Isuhu yana hanya. Kin ce akwai waɗanda ko anzar ba su da ƙarfin tsinkowa, su ya kamata su je. Kin ga fari kafin wannan, kun fita ba tare da kun yi layi ba, kika ɗauka wannan ma haka zai wuce.

Rabo ya zo ya wuce ba ke. Wani ya sake zuwa ya wuce.

Ina gida ranar da naƙuda ta kama Hawwa, da hantsi ne. Ba ta daɗe ba, ba ta kuma yi ƙara ba, don ba ta da ƙarfin yi. Ina riƙe da kafaɗunta kika amshi yaron.

Namiji ne. Ya yi ɗan kuka siriri kamar na ɗan kyanwa. Na ga kin ɗora shi a tafin hannu ɗaya, ya zauna daidai, ɗayan hannun yana rataye ba abin da zai tallafa. Na sha ganin fuskarki in kin amshi haihuwa, da addu'ar da kike yi da ƙarfi don na waje su ji. Ran nan a hankali kika yi ta.

Kika yanke cibiya, kika yi masa wanka, kika miƙa wa uwarsa. Ya kama nono ya saki, ya sake kamawa ya saki. Ba ruwa. Ba hatsin da za a dama wa maijego kunun kanwa, sai dusa kika tankaɗe kika dama mata.

Kika fito tsakar gida kika daɗe a tsaye. Sa'annan kika ce, ba tare da kin dube ni ba: "Yaushe ne rabon nan?"

Ranar rabo kika ɗaura baƙin zanenki na saƙi, wanda kike zuwa suna da shi, kika tako da ƙafa tare da matan garinmu. Ina wurin aikina na tafinta na hango ki a can ƙarshen layi, kin riƙe buhu a ninke.

Matan da ke gabanki suka fara matsawa, suna cewa Inna ki wuce. Yawancinsu ke kika amshi ƴaƴansu, wasu ma su kansu a hannunki suka faɗo. Kika ƙi. Kika ce wanda ya zo baya, baya yake tsayawa. Rana ta take, ba inuwa a filin nan, kika tsaya har layi ya kawo ki.

Mai awon baƙo ne, da motocin ya zo. Kika rusuna, kika miƙa hannu biyu. Ya nuna miki ƙasa, wai ki buɗe buhun. Kika buɗe, ya zuba da tiya, ƙurar dawa ta tashi ta bi miki fuska.

Kika ce kin gode, Allah ya saka da alheri. Bai ɗago ba. Kika zaci ko Bazabarme ne, kika ce fofo, godiyarsu. Kika gwada da Fillanci. Ya riga ya juya yana cika tiya don ta bayanki.

Ba mugu ba ne, Inna. Layin da ke bayanki ya kai har bakin kasuwa, shi ma tun safe yake sunkuye. Amma na ga yadda kika tsaya da godiyarki a baki, ba wanda ya amsa ta. Tun da nake ban taɓa ganin kin rasa inda za ki sa idonki ba sai ran nan.

Da aka tashi na raka ki bakin gari. A hanya kika ce in gaya miki abin da aka rubuta a jikin manyan buhunan da ake ɗiba. Na faɗa miki sunan ƙasar. Kika gwada faɗi, bakinki bai kama ba. Kika ce: "To, Allah shi ya san su." Daga baya Hawwa ta gaya mini duk ranar da kika ɗora dawar nan a wuta sai kin yi wa mutanen addu'a, kina cewa masu buhu.

Hawwa ta sha kunu, bayan ƴan kwanaki nono ya ɗan kawo. Yaron ya kai ranar suna. Ba rago, ba taro, liman ya zo ya raɗa masa Gado, sunan Baba. Na yi zaton mun tsira.

Bai daɗe bayan suna ba ya fara ƙin kama nono. Wata safiya ina cikin aji aka aiko mini. Kafin in iso kin riga kin yi masa wanka da kanki, kin naɗe shi a ƙyallen da bai kai ɗankwali ba.

Masu gaisuwa suka yi ta shigowa suna cewa Allah ya amshi abinsa, a yi haƙuri. Ke da kika fi kowa iya ba mutane haƙuri, ran nan ba abin da kike cewa sai amin.

Har yau ban sani ba ko da kin je rabon farko da ya rayu. Na tambayi likitan Filinge. Ya ce jarirai da yawa sun tafi a shekarar, har a gidajen da suka riga kowa shiga layi. Na kawo miki maganar da sauri, ina ganin za ta sanyaya miki rai. Kika saurara har na gama, kika ce: "Na jiya."

Bayan haka kika rataye jakar fatar a ƙusa cikin ɗakinki. In namiji ya yi sallama yana kame-kame, sai ki aika shi gidan Kande, wadda ke kika koya mata aikin. Mata suka zo suka roƙe ki, har matar maigari ta zo da kanta. Kika ce hannunki ya yi sanyi.

Ruwa ya dawo. Rumbuna suka cika. Isuhu ya dawo a rame, da rediyo a kafaɗa, ya tarar da kabarin ɗan da bai taɓa gani ba. Hawwa ta sake haihuwa, ta kuma sakewa. Duk lokacin da take naƙuda Kande ce a ciki, ke kina zaune a bakin ƙofa da carbi. Sai an gama wanka a miƙo miki.

Hawwa ta yi miki hidima har ƙarshe. Ita ta riƙa dama miki fura, ita ta riƙa juya ki da ciwo ya kwantar da ke. Ban taɓa jin ɗayanku ta ambaci shekarar nan a gaban ɗaya ba. Kika rasu da damina, hatsi yana bununi, aka binne ki a gabas da gari kusa da Baba.

To, bari in ba ki labarin kalmar bayan tafiyarki.

Soja sun sauka, farar hula sun hau, soja sun dawo, an sake sauka, an sake hawa. Ita tana nan. Masu porje, wato ayyukan ƙungiyoyin taimako, suka yi yawa, kowanne da farar motarsa: na rijiya, na awaki, na iri, na abincin yara. Kowanne kuma da nasa banahisiya. Yaran ajina sun san kalmar tun kafin su iya gaisuwa da Faransanci.

Ta daina zama abin kunya. Ta koma abin nema, har abin faɗa. Na ga ƴan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa don an sa ɗaya an bar ɗaya. Na ji wata mata a kasuwar Filinge tana yabon gidan da ɗiyarta za ta shiga, tana cewa gidan albarka ne, ba porjen da ya taɓa tsallake su. Na tuna da ke, na yi gaba.

Sau da yawa masu porje sun tambaye ni, tunda tsohuwar malama ce, yadda za su faɗi kalmar da Hausa. A rediyo ana cewa masu amfana, ana cewa masu cin moriya. Ba wadda ta kwanta mini, don duk ribar nan ce da kika ƙi take leƙowa ta cikinsu. Kullum sai in ce su ce masu amsa. Su rubuta, su yi godiya, in sun je fili kuma su faɗi tasu.

Da yaƙi ya koro mutanen Mali aka yi musu sansani a Abala, na je gaishe da wata tsohuwar ɗalibata da ke aiki a can. Na ga wani dattijo mai rawani a layi, tsayayye, hannayensa a baya. Aka ce mini a ƙasarsu raƙumansa ba su ƙirguwa, matafiya a gidansa suke sauka. Da aka kira kalmar bai motsa ba, sai da na kusa da shi ya taɓa shi ya ce da shi ake. Na yi masa kallon tausayi irin na wanda yake da gidan komawa. Ban san namu yana tafe ba.

Inna, yanzu zan faɗa miki abin da nake ta kewayewa.

Garinmu ya tashi. Wasu mutane masu babura da bindigogi suka fara zuwa daga daji. Da farko shanu suke kora. Daga baya suka fara bin maza gona. Isuhu yana cikin noma, da furfurarsa, suka same shi. Shi da maƙwabtansa na gona aka kwaso a amalanke. Na san ya riga ni isowa wurinki, watakila ma kin fi ni sanin yadda aka yi.

Mutane suka daure har aka yi girbi, suna cewa ko abin zai lafa. Sai masu bindigar suka aiko musu cewa kowa ya bar garin. Wannan karon ba fari ba ne. Damina ta yi kyau, rumbunan gidanmu cike suke da hatsi har baki. Haka aka bar su a tsaye.

Hawwa ta iso Filinge da la'asar a amalanken jaki, da surukanta da jikokinta, da tabarmi da tukwane. Ta tsufa, Inna, ba za ki gane ta ba. Ta rufe ɗakinki da kwaɗo kafin ta fito, ta ɗaura mabuɗin a bakin zane.

Na amshe su. Gidan da na gina da na ajiye alli ɗaki biyu ne da rumfa, muka cika shi har zaure. Hatsin da na tanada na shekara bai kai ko'ina ba. Maƙwabta sun yi ƙoƙari, amma kowane gida a unguwarmu da nasa baƙin.

Sai masu taimako suka zo suna zagaya gidaje. Wata yarinya mai ladabi, wadda ta ce na koyar da uwarta, ta yi mini bayani cewa waɗanda aka koro da waɗanda suka sauke su duk za a ba su. Ta ce: "Madam, ke ma benefisiyer ce." Ta faɗa da murmushi, a ganinta albishir take yi mini. Albishir ɗin ne kuwa, don tukunyar ranar da ƙyar ta zagaya yara.

Da safiyar rabo na yi wanka na shirya, sai na kasa tashi. Na zauna a bakin gado da mayafi a cinya. Ni da na yi shekaru ina kira wa wasu layi, ni da na yi miki gardama a gindin rumbu, sai ga ni ina jin nauyin shiga layi. A ranar na fahimce ki fiye da duk shekarun da muka yi tare.

Hawwa ta leƙo tana ninke buhu. Na ce mata ko ta tuna abin da kika ce game da kalmar nan. Ban san abin da ya sa na tambaye ta ba. Tun rasuwar ƙaramin Gado ba wanda ya taɓa buɗe zancen a gabanta.

Ta gama ninke buhun tukuna. Sa'annan ta ce: "Yaya, na tuna. Inna ta yi gaskiya, ba mu ci riba ba, jiya ko yau. Amma ni ba ni ƙara jira. Su kira ni abin da sunka ga dama, in dai yaran ga sun ci."

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce ta san kin tafi da abin a ranki, ta gani a zamanki na bakin ƙofa duk lokacin da take haihuwa. Ta ce sau da yawa in tana juya ki a kan gado takan so ta yi magana, kunya ta hana ta.

Ta ce: "Ban taɓa riƙe ta a zuci ba, ko rana guda. Yaron ita ma ɗanta ne. Na so in hwaɗi mata bakin kabari kahin mu taso, ba a ba mu lokaci ba. Ke da kin iya rubutu, ki sa mata a takarda."

Na tashi na yafa mayafina. Muka tafi tare, tana gaba ina bayanta, muka shiga layi tun rana ba ta yi zafi ba. Da aka kira, muka amsa. Yaran sun ci tuwo a ranar har sun bar saura.

Ga saƙon Hawwa na isar, Inna. Da hanya tana biyuwa da mun zo mun faɗa miki a tsaye a kanki, mun share ciyawar da na san ta rufe ku, ke da Baba da Isuhu da ƙaramin Gado. Yanzu ba mai zuwa gabas da gari sai iska da awakin da suka ɓace wa masu su.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sauke miki nauyin da kika ɗauka shiru har kabari. Allah ya sa ƴaƴan da suka faɗo a hannunki su zama shaida a gare ki ranar tsayuwa. Ya jiƙan Baba, ya jiƙan Isuhu da waɗanda aka kwaso tare da shi. Ya ba Hawwa ladan haƙurinta. Ya kwantar da ƙasarmu, ya mayar da kowa garinsa da ransa, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Ki huta lafiya, Innata.

Ɗiyarki mai kewarki,
Mariyama,
Filinge.